Sai An Zana Farin Layi

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Wai ni aka naɗa sakatariya. Ban nema ba, ban ɗaga hannu ba, hasali ma allura ce a bakina lokacin da aka yi zaɓen, shi ya sa ban samu damar cewa a'a ba. Mai Faci, maƙwabcin shagona, ya ce tunda tagata ce ke kallon ƙofar makaranta, kuma kullum da littafi da biro a hannuna, magana ta ƙare. Littafin awon kwastomomi ne fa. Na juya shi ta baya, a nan zan riƙa rubuta abin da kwamiti ya yanke, da abin da bai yanke ba. Idan wata rana na ɗinka wa wata riga da faɗin titi, kada a ga laifina.

Kwamitin iyaye ne, mu goma sha ɗaya, cikin shagon da ba ya ɗaukar mutum huɗu sai an ja numfashi. Abu ɗaya muke nema: ofishin kula da hanyoyi ya zana mana farin layin tsallakawa a gaban makarantar firamare, ya sa tudun rage gudu gaba da baya. Titin nan shi ya raba gidajenmu da makarantar. Yara fiye da ɗari biyu ke tsallaka shi safe da rana, motoci kuwa ba su ma san da zamanmu ba.

Goggo, ƙanwar baban maigidana, ita aka ba shugabanci, don ba wanda ya isa ya hana ta. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya. Har yau idan ta kalle ka sai ka fara tunanin ko ka manta shan magani.

'Yata tana ƙarƙashin teburin yanka tana jin komai. Shekararta takwas, Firit muke ce mata saboda ba ta da auki. Tun ranar Alhamis aka cire mata simintin ƙafar da mota ta karya mata a titin nan wata Talata da safe, likita ya ce ƙashi ya haɗu sumul. Amma ba ta shirya komawa makaranta ba tukuna. Na faɗa a gaban kowa, ga shi na rubuta: 'yata ba za ta sake taka titin nan ba sai an zana farin layi.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe tara na safe

Talata ce. Ban ɗaga labulen taga ba sai da na ji an gama shiga aji.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Kafin ofis ya amsa mana, mun yanke mu riƙa tsallakar da yaran da kanmu, mutum biyu da safe, biyu da rana. Falmaran shida na ɗinka, ruwan lemo mai kashe ido, da ragowar yadin da wata ta kawo don labule ta fasa. Na Mai Faci sai da na ƙara masa ƙyalle ta gefe biyu. Ya rantse awona ne ya yi kuskure. Na ce masa tef ba ya ƙarya, tumbinsa ne ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Goggo ta ƙi sa falmaran. Ta ce fararen kaya ta sa har ta ajiye aiki, ba yanzu za a mai da ita fitilar hanya ba. Lemarta ta ɗauko, baƙa, ƙatuwa, ta shiga tsakiyar titi ta buɗe ta a gaban wata tifa. Tifa ta ja birki. Direban ya leƙo zai yi masifa, ta ce, "Ɗan nan, ka karya kuwa? Idonka ya yi ja. Bari yara su wuce, ka je ka nemi ruwa ka sha." Ya ce, "To, Mama." Har hannu ya ɗaga wa yaran.

Duk ta taga na gani. Firit ta hau kujerar keken ɗinki tana tafi.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Sun kai takarda ofis, su biyar, da sa hannun iyaye ɗari da tamanin da uku, har da na mai aski wanda ko aure bai yi ba. Ni na rubuta takardar, amma ban bi su ba. Wurin tsayawar bas a wancan hannun yake, ga shi kuma aiki ya yi min yawa.

Sun dawo kowa yana magana a lokaci ɗaya. Abin da na iya tsinta shi ne an karɓe su da mutunci, an ba su kujeru, kuma ranar Litinin za a turo injiniya. Mai Faci ya ce shi ya yi jawabin da ya girgiza ofis. Goggo ta ce sallama kawai ya yi, ita ma sai da ta zungure shi.

Baƙin zare ya ƙare min. Shagon zaren yana tsallake, kusa da makaranta. Na aiki Baban Firit.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Injiniyar mace ce, matashiya, da hular kwano da takalmi mai nauyi. Mai Faci sai da ya gaishe da direbanta da "ranka ya daɗe, Injiniya" har sau biyu kafin ya gane. Ba ta ji haushi ba, dariya ta yi.

Baƙaƙen igiyoyin roba biyu ta shimfiɗa a kan titi daga wannan gefe zuwa wancan, aka kafe su da ƙusa, aka haɗa su da wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ta ɗaure da sarƙa a jikin turken lantarki na ƙofar shagona. Ta ce duk abin hawan da ya taka igiyar, akwatin zai ƙirga shi, ya kuma auna gudunsa. Bayan mako guda za ta dawo ta karanta. Idan lissafi ya nuna akwai haɗari, za mu samu layinmu.

Na lura Mai Faci ya daina saurare tun daga "zai ƙirga shi". Idonsa ya yi wani ƙyalli da ban yarda da shi ba.

Ta leƙo shago neman ruwan sha, ta ga Firit. Ta ce, "Ke ba ki je makaranta ba yau?" Firit ta kalle ni. Na ce ba ta da lafiya. Firit ta ce, "Na warke." Na ce ta je ta tsinto min fil ɗin da suka zube.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Yau na yi dariyar da rabona da irinta tun kafin… tun da daɗewa dai.

Ashe jiya Mai Faci ya bi gida-gida yana cewa akwatin nan yawan motoci yake so, saboda haka kowa ya kawo gudummawarsa. Ana gama shiga aji, titi ya ɗan lafa, sai ga unguwa ta fito. Mai aski da kekensa, ya taka igiya, ya juyo, ya sake takawa. Mai sayar da ruwa da kurarsa. Masu baro uku, ɗaya ma da yashi a ciki. Baban Firit, mutumin da ko layin famfo ba ya tsallakewa, ya zo da motar gidan burodin da yake wa aiki, ya yi gaba ya yi baya sau tara, a hankali don kada burodi ya zube. Shi kuwa uban tafiyar, tayoyi yake gangarowa bibbiyu, wai don akwati ya ɗauka mota ce. Ɗaya ta ƙwace ta nufi kwata, ya bi ta da gudu yana kiranta kamar tana ji.

Na ce wa Goggo, "Anya wannan abin daidai ne?" Ta juya kujerarta ta ba titi baya, ta ce ita ba ta ga komai ba.

Firit ce mai ƙirga musu ta taga. Ta kai ɗari uku da goma sha huɗu, dariya ta ci ƙarfinta, ta diro daga kan teburin yanka da ƙafa biyu. Gabana ya faɗi. Ita ko a jikinta, ko ɗingishi babu.

Amma dira daga tebur daban, titi daban. Ba ta shirya ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe uku na rana

Shugabar makaranta ta zo shago da kanta, da jakar littattafan Firit a hannu. Ta zauna a kan bencin kwastomomi ta ce, "Maman Firit, ba faɗa na zo yi ba."

Jarrabawar ƙarshen shekara za a fara ranar Litinin, 31 ga wata. Firit ta yi mako bakwai ba ta shiga aji ba. Idan ta zauna jarrabawar za ta wuce, don kanta yana ja. Idan ba ta zauna ba, za ta maimaita aji uku, ƙawayenta su tafi aji huɗu su bar ta. Ta ce doka ce, ba a hannunta take ba. Ta ce in na yarda, ita da kanta za ta riƙa zuwa kullum ta ɗauke ta.

Na ce sai an zana farin layi.

Ba ta ja maganar ba. Ta sha ruwa, ta kalli Firit wadda ta zaɓi daidai lokacin nan ta fara tsallen ƙafa ɗaya daga ƙofa zuwa keke, kuma da gangan a kan ƙafar da aka cire wa siminti. Yarinyar nan akwai neman magana, ban san wa ta gado ba. Babanta ya ce ya sani.

Kwana goma sha takwas. Ofis zai iya, fenti ne kawai.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Baban Firit ya dawo yana ƙamshin burodi kamar kullum, ya zauna yana warware min zaren da ya harɗe. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ba wanda ya ce laifinki ne fa."

Na ce, "Wa ya yi maganar laifi?"

Ya ci gaba da warware zarensa.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Wayyo cikina. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Injiniya ta dawo, ta haɗa akwati da kwamfutarta a kan teburin yanka, kwamiti ya kewaye ta. Ta daɗe tana kallo. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Sannan ta ce a shekara shida da ta yi tana wannan aiki, ba ta taɓa ganin titi mai ladabi irin namu ba.

Mai Faci ya gyara tsayuwa yana murmushi.

Ta ce safe da rana, lokacin da yara ke tsallakawa, motoci rarrafe suke yi. Goggo ta shafa lemarta. Ta ce da hantsi kuma akwai abubuwan hawa sama da dubu biyu da ke tafiyar mai ciwon baya, har da wata mota da ke da tayoyin gaba amma ba ta da na baya, kuma ta wuce sau ɗari da sittin. Da aka haɗa duka, gudun titinmu kilomita goma sha ɗaya ne a awa. Ta ce in dai da wannan takardar za ta koma ofis, titinmu ba ya buƙatar layi, lambar yabo yake buƙata.

Mai Faci ya ɗaga kai yana nazarin rufin kwano. Baban Firit ya ce ya tuna ya bar wani abu a mota. Mai aski ne ya fara fashewa, daga nan kowa ya bi, har ita Injiniyar sai da ta kifa kai a kan yadin mutane.

Ni ma na yi dariya har da hawaye, sai a tsakiyar dariyar na tuna saura kwana goma sha huɗu.

Ta ce za ta ƙara mana kwana uku, Laraba zuwa Juma'a. Sharaɗi ɗaya: ba baro, ba taya, ba falmaran, ba lema. A bar motoci su yi gudun da suka saba, akwati ya ga gaskiya.

Goggo ta miƙe tsaye. "'Yar nan, wato in naɗe lemata in zuba ido yara su shiga gaban motoci don akwatinki ya ji daɗi?"

"A'a, Mama, Allah ya kiyaye. Ba na son ko yaro ɗaya a kan titin. Yawansu zan ɗauka daga rajistar makaranta. Motocin kawai nake so."

"To ta sama za su tashi su je makarantar?"

Sai wata murya ta fito daga ƙarƙashin tebur: "A bi ta wajen danja mana." Firit ce. Ta ce can gaba, a mahaɗar da ke kusa da asibiti, akwai danjar da ke tsayar da motoci, ta nan suke bi da babanta in za a duba mata ƙafa. Tafiyar minti ashirin ce zuwa, a tsallaka, a dawo ta wancan hannun.

Injiniya ta leƙa ƙarƙashin tebur ta ce, "Ke ce ya kamata a ba hular kwanon nan." Ta cire ta sa mata. Hular ta rufe ta har hanci.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Yini na yi ina haɗa ƙyallaye. Igiya huɗu na ɗinka, kowace kamu talatin, da madauki a kowane taku don yaro ya zura hannu ya riƙe. Duk ragowar yadin da na tara shekara uku ya tafi, atamfa, leshi, labule, har da wandon wani da bai dawo karɓa ba. Sai yanzu da na zo rubuta kwanan wata na tuna yau Talata ce.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe tara na safe

Jirgin ƙasan yara ya tashi ƙarfe bakwai daidai. Tarago huɗu, kowane da babba a gaba da babba a baya. Mai Faci ya ce shi ne inji, ya samo usur, yana tafe yana hura hanci. Goggo a ƙarshen layi tana kora masu nawa. Yara suka ƙirƙiro waƙa nan take a kan tumbin inji, shi kuma yana amsa musu amshi. Masu shaguna duk sun fito suna ɗaga hannu. Wani mai kanti ya bi su yana raba alewa, Goggo ta ƙwace ta ce sai an tashi.

Tun shida da rabi Firit ta sa takalmin makaranta. Da layi ya fara haɗuwa ta zo ta tsaya kusa da keke.

"Mama, akwai madauki ɗaya da ba kowa. Na ƙirga."

"Na sani, ni na ɗinka."

"Ai ta danja za a bi. Ba nan ba ne."

"Titin ɗaya ne."

"Amma da Baba muna bi."

Na taka keke da ƙarfi don kada in ji sauran. Da na ɗago ta cire takalmin, ta jera su a bakin ƙofa, ta koma ƙarƙashin tebur. Ba ta yi kuka ba. Da ma kukan ta yi, da ya fi min sauƙi.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe takwas saura kwata na safe

Ba lema, ba falmaran. Motoci sun dawo da halinsu. Na manta yadda ƙarar take, wannan wucewar da ke kaɗa labule. Sau biyar ina zura zare a allura yana kucewa. Wani ya ja birki da ƙarfi can gaba, ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙasa ba, na rungume Firit ina laluba ƙafarta. Ta ce, "Mama, kare ne ya gifta, kuma ya tsira."

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mun samu!

Kilomita sittin da takwas a awa, a gaban makarantar yara. Injiniya ta zo da takarda mai hatimi: farin layi, tudu biyu, allon gargaɗi biyu, har da ƙarfen kariya a bakin ƙofar makaranta wanda ba mu ma roƙa ba. Mai Faci ya buga bakin taya da sifana har kunnuwanmu suka toshe. Baban Firit ya buɗe bayan mota ya raba burodi mai zafi, ya ce zai yi wa maigidansa bayani daga baya. Goggo, Goggo fa, ta taka rawa a gaban shago, taku uku cif, sannan ta gyara mayafi ta ce wanda ya ce ya gani ƙarya yake. Na rungume Injiniya har hularta ta faɗi. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi har cikin raina, rabon da in ji ƙirjina ya yi sakayau haka na manta.

Da hayaniya ta lafa na tambaye ta ran da masu fenti za su zo. Ta ce aikin tudu sai an rufe rabin titi, don haka sai an yi hutun makaranta. Nan da mako shida.

Na ce to, madalla.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe goma na safe

Mako shida. Jarrabawa saura kwana shida.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Mai Faci ya shigo da gwangwanin farin fenti da buroshi a ɓoye cikin buhu, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai sayar da kayan sata. Ya ce tunda layi na ce, shi zai zana min layi, gobe da sassafe kafin motoci su yi yawa, ofis in sun zo sai su bi sawunsa. Ya ce Firit 'yarsa ce shi ma, ba zai zuba ido ta maimaita aji saboda fenti ba.

Ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi. Na ce a'a tun kafin ya rufe baki. Na ce layin da ba tudu a gabansa yaudarar yara ne kawai, kuma Injiniya za ta ji kunya a ofis. Duk gaskiya ne. Amma na ji yadda na yi saurin cewa a'ar, kuma Goggo da ke zaune a kan benci ita ma ta ji.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Goggo ta aiki Firit gida ta ɗauko mata tabarau, alhali tabarau yana kan hancinta. Ta jawo ƙofar shago.

"'Yata, yaushe rabonki da tsallaka titin nan?"

Na ce aiki ne ya yi yawa.

"Ina wayarki?"

Na ce tana nan.

Tana nan kuwa. Tana cikin aljihun tebur, ƙarƙashin gwangwanin maɓallai, a kashe, mako tara ke nan. Kwastomomi sun gaji sun koma kiran Baban Firit.

Goggo ba ta sake tambaya ba, ta zauna kawai tana jira, irin jiran da ta koya a asibiti. Sai na ji bakina yana magana. Riga ce fa. Wata ce ke tambaya ko an gama rigarta. A hannun dama nake riƙe Firit kullum, wayar kuma a jakar da ke dama take. Ta yi ƙara, na saki hannun yarinyar don in ciro ta. Daƙiƙa nawa ne? Ban kai ga cewa "an gama" ba.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Goggo ta bar ni na yi kukana har na gaji. Ba ta ce ba laifina ba ne, kuma na gode mata da ba ta ce ba. Ta ce, "Na ga iyaye da yawa a bakin gado. Yaro yana warkewa ya tashi ya tafi wasa, uwar ce ke zama a asibitin ko an sallame su. Ƙafar yarinyar nan ta haɗu. Ke ce ba a cire wa siminti ba." Sannan ta miƙo min ƙyalle in share fuska, na duba na ga hannun rigar wata ne da ban gama haɗawa ba. Muka yi ta dariya kamar wasu shashashai.

Firit ta dawo tana haki ta ce ba ta ga tabarau ba. Goggo ta ce, "Au, ga shi ashe."

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na ciro kayan makarantarta don in goge. Ban ce za ta je ba, gogewa kawai na ce zan yi. Da ta gwada sai ga riga ta ɗage sama da gwiwa. Mako tara a ƙarƙashin tebur, ashe tsawo take yi a ɓoye. Na warware kalmasa na sake ta da yatsa biyu, tana tsaye a kan kujera, fil a bakina.

Ta ce, "Mama."

Na ce, "Uhm."

"In kina jin tsoro gobe, ki riƙe hannuna. Ni zan tsallakar da ke."

Allah ya taimake ni da fil a baki, ba sai na amsa ba. Tsoro nake ji. Ba ita ba ce ba ta shirya ba, ga shi na rubuta da hannuna.

Babanta ya feƙe mata fensir huɗu, ya jera su a kan tebur yana ta fito, wai shi bai ji komai ba.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ba farin layi. Kwalta ce baƙa kamar jiya.

Mun fito bakwai da kwata. Na ɗauka mutum biyu zan gani a bakin titi kamar yadda aka tsara, sai na tarar da falmaran shida duk an saka, kowa yana yi kamar dama ranar aikinsa ce. Mai aski ma, da ba a ɗinka masa ba, ya ɗaura tawul ɗin aski a wuya. Ba wanda ya kalle ni, kuma na san sun haɗa baki ne kada a kalle ni.

Na tsaya a bakin kwalta. Motoci sun tsaya, yara sun fara wucewa ta gefenmu, ni ina nan kamar an dasa ni. Firit ta ɗago ta ce, "Mama, kina murƙushe min yatsu, da su zan rubuta jarrabawa." Na ɗan sassauta. Sai ta ja ni.

Taku ashirin da biyu ne. Ban ga komai ba sai ƙeyarta da ribbon ɗin da na ɗaura mata a karkace. Tana tafe tana ce min, "Saura kaɗan, kina ƙoƙari," da muryar Goggo sak.

A ƙofar makaranta ƙawayenta suka yi ihu suka yo kanta. Shugabar makaranta tana tsaye, ta gyaɗa min kai kawai. Ni kuwa har yanzu hannun yana cikin nawa.

"Mama, saki mana, za a buga ƙararrawa."

Na saki. Ta ruga da gudu, jaka tana dukan bayanta, ko waiwaye ba ta yi ba. Na tsaya ina kallon ƙafar nan tana gudu har ta shige aji, ina dariya, hawaye yana shiga min baki.

Sai da aka rufe ƙofa na juyo na ga shagona can a tsallake, da titi a tsakaninmu, kuma mai tsallakar da ni tana aji tana rubuta lissafi. Na tsaya ina gyara ɗankwali, na sake gyarawa. Mai Faci ya hura usur ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji: "Jama'a a dakata, saura yarinya ɗaya!" Goggo ta tako ta kama hannuna, ta ce in duba dama in duba hagu. Direbobi suna ta murmushi. Haka aka dawo da ni shago, mace mai shekara talatin da shida, ana yi min tafi.

Litinin, ƙarfe ɗaya saura kwata na rana

Ƙarfe ɗaya za su fito, ina so ta same ni a bakin ƙofa. Na rufe keke, na sa takalmi. Goggo ta yunƙura za ta tashi daga benci, na ce ta zauna ta huta, ni kaɗai zan je.